Motar da Baba Ya Yi Shekara Talatin Yana Nema

Mahaifina mai gyaran jikin mota ne, kuma a duk layin garejinsu ba wanda yake kiransa da wani suna sai Duba-Baya. Idan mota ta taho kowa gabanta yake kallo, shi kuwa sai ta gifta zai juya ya bi ta da ido. Ba kowace mota ba, ƙananan nan na da masu guntun baya, waɗanda ake ɗaga ƙofarsu ta baya sama har da gilashin. Ya ce mana an taɓa ƙera 'yan kaɗan daga cikinsu da but, wato wurin zuba kaya, na daban kamar na babbar mota, aka tura wasu ƙasashe, daga nan aka daina. Irin su yake nema.

Mun sha kunya a kan wannan hali. Ana tsakiyar gaisuwa zai bar mutum da hannu a miƙe ya tsallaka titi. Ya taɓa sauka daga bas ya bar Umma da kaya don ya hango wata a gidan mai. Sai ya dawo yana haki ya ce, "Ba ita ba ce." Umma ta ce, "To, Allah ya nuna mana ranar da za ta zama ita, mu huta." Mu dai dariya muke yi.

Kullum akwai mayen ƙarfe a aljihunsa, naɗe cikin hankici. Da shi yake gane ɓoyayyen rauni: inda ƙarfe yake lafiya zai manne, inda aka cike lotsa aka rufe da fenti sai ya faɗo.

Mijina malamin makaranta ne, bai san komai a mota ba sai sitiyari, amma yana son burge surukinsa. Wata Asabar da hantsi ina gidan su Baba, sai ga shi cikin wata 'yar shuɗiya mai but, tana sheƙi, yaranmu biyu a kujerar baya.

"Baba, ku fito ku gani! Abin da kuka yi shekara talatin kuna nema, ga shi na kawo muku har gida."

Baba ya fito. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya ɗora mayen ƙarfensa a bayan ƙofar baya. Ya faɗo. Ya sake ɗorawa, ya sake faɗowa. Ya durƙusa ya zura hannu ƙarƙashinta, ya daɗe a haka. Da ya miƙe sai ya ce, "Allah ya sanya alheri," ya shige ɗaki. Mijina ya ɗauka murna ce ta ɗaure wa Baba baki. Ya ja mota da yaran, za su nuna wa mahaifiyarsa, tafiyar awa biyu a hanyar da duk ramuka ce, ga hawan dutse a ƙarshenta.

Da na ga shirun ya yi yawa na bi Baba ɗaki. Yana zaune a bakin gado da hankicin a hannunsa.

"Uwata, ina yaran?"

"Sun tafi gidan kakarsu."

Ya miƙe zumbur. "A cikinta? Na ɗauka gida zai mai da su!" Sai ya dafa bango. "Uwata, ni na yi motar nan."

Yana saurayi ne ya ga hotonta a wata mujalla. Ya sami motoci biyu da suka yi haɗari, ya yanke bayan ɗaya ya haɗa da gaban ɗayar, don a san ya iya. Maigidansa ya duba ya ce walda ce ta sama-sama, ya umarce shi ya farfasa ta kafin ta kashe wani. Bai farfasa ba. Wani baƙo ya gani ya yaba, ya tafi da ita.

"Na san waldata kamar yadda na san fuskarki," in ji shi. "Daidai ƙarƙashin kujerar baya take. Ɗazu yatsana ya shige cikinta."

Ban taɓa ɗaga wa mahaifina murya ba sai ranar. "Kuka gani, Baba, kuka yi shiru?"

Na kira mijina. Mutumin nan yana alfahari da cewa ba ya taɓa waya in yana tuƙi, kuma ni ce mai yaba masa. Sau tara tana ƙara, bai ɗauka ba. Muka roƙi maƙwabcinmu mai tasi ya bi su da mu.

Ban san tsoro ba sai a hanyar nan. Duk ramin da muka faɗa sai in tuna sun riga mu faɗawa. Duk kwanar da za mu sha sai in runtse ido, kada in buɗe in ga taron mutane. Baba yana gaba, bakinsa yana motsi, ko sau ɗaya bai juyo ba.

Daf da hawan dutsen muka hango shuɗin fenti a gefen hanya. Mai tasi ya tsaya, muka fito. Sai na ga ƙaramar 'yata tana tsaye tana wasa da tsakuwa, yayanta a gefe. Ashe fitsari ta ce tana ji, aka tsaya, ƙofar baya kuma ta ƙi rufuwa.

"Baba, kun zo daidai," in ji mijina, yana ta bugunta da kafaɗa. "Ko makullin ne?"

Baba ya sunkuya cikin motar. Ya ɗaga shimfiɗar da yaran suke ɗora ƙafa. Ga ƙasa nan muna gani ta wata tsaga, daga wannan ƙofa har waccan.

Washegari ya sa aka jawo ta gareji. A gaban kowa ya faɗi wanda ya yi ta, sannan ya ɗauki guduma. Bugu uku ta rabu biyu.

Tun daga ranar mota ta wuce Baba ba ya juyawa. Na taɓa tambayarsa ko ya taɓa ganin ta gaskiyar, wadda kamfani ya ƙera. Ya ce ya ga biyu, bai ko tsaya ba, ba su yake nema ba.

Waldar na yafe masa tuni, saurayi ne ya yi ta. Shirun da ya yi a ƙofar gida, yarana suna ɗaga masa hannu daga kujerar baya, shi ne har yau nake fama da shi.