Guzurin Jirgin Halilu

Duk unguwar New Bell ta Duwala babu wanda ya kai Halilu zuwa ƙasashen waje, babu kuma wanda ya kai shi rashin fasfo. Iyakar inda ƙafarsa ta taɓa kai shi Bonabéri ce, hayin gada, amma ka tambaye shi hanyar Alƙahira, yanzun nan zai tsuguna ya zana maka ita da tsinke. Mu taubasansa Kwamanda muke ce masa, yana kuwa amsawa babu ko kunya.

Abin tun yana yaro ne. Unguwarmu kusa take da filin jirgi, in jirgi ya taso sai kwanon rufi ya yi ta rawa. Sauran yara su toshe kunne, shi kuwa ya ɗaga kai yana bin sa da ido har ya zurma kwata. An ce babu kwatar da bai gwada zurfinta ba daga gidansu zuwa kasuwa. Da ya girma bai samu sama ba, sai ya samu Bassa, wani garejin manyan motoci, inda shi ke raba wa motoci kaya. A can ya haddace ƙa'ida ɗaya: yawan kaya shi ke zaɓar mota. Nisa ba komai ba ne, ai gidan mai na kan hanya.

Ana nan ya sayi tsohuwar kwamfuta mai ƙara kamar injin markaɗe, da wata sanda ta tuƙi, ya shiga wani kamfanin jirage na intanet. Jiragen na wasa ne, fasinjojin ma na wasa ne, amma taswira da iska da tsawon tafiya duk na gaske ne. In tafiya ta yini ce, to yini za ka yi a kujera. Shugabansu wani Bafulatani ne, Hamman, ma'aikacin ofis a Makèpè, mutumin da ba ya dariya sai ya duba agogo. Shi ke ba kowa hanya da yawan fasinja, matuƙi kuma ya zaɓi jirgin da ya dace.

Ranar farko aka ba Halilu Yawunde, fasinja dam. Ya ce ai an gama. Ya jawo ƙaton jirgin nan mai inji huɗu, mai bene, wanda in ya tsaya a unguwarmu inuwarsa za ta rufe har Bépanda. Ya taso da ƙyar, bai gama naɗe tayoyi ba sai ga Yawunde ƙarƙashinsa. Ya wuce ta, ya dawo, ya sake wucewa, ya dira da nauyin mai har na'ura ta yi ta ihu. Hamman ya kira shi.

"Mon frère, ɗan'uwana, me ka yi haka? Wannan jirgin ƙetare teku ne. Yawunde ƙarami ake sa wa, ya je ya dawo, ya sake zuwa."

"Patron, maigida, sawu biyu ga kayan da sawu ɗaya zai kwashe? A Bassa korar mutum ake yi a kan haka."

"Nan ma korar ake yi," in ji Hamman.

Karo na biyu aka ba shi Alƙahira, fasinja 'yan kaɗan. Halilu ya ce wannan karon ba za a kama shi da ɓarna ba, ya ɗauko ɗan ƙarami mai farfela. Tafiya ta yi daɗi har tsakiyar Chadi, sai allurar mai ta kwanta. Ya duba dama, rairayi. Ya duba hagu, rairayi. Maƙwabta sun rantse sun ji shi yana cewa, "To ina ake shan mai a nan?" Jirgi dai ya yi shiru, ya gangara ya zauna cikin sahara.

Hamman ya ce saura dama ɗaya. Ranar Lahadi, Jidda, fasinja rabin jirgi. In ya sake kuskuren jirgi, za a cire sunansa daga kamfani.

Wannan magana ta hana shi cin abinci, shi da ke iya tashi da tukunyar dafa-duka shi kaɗai. Ba don komai ba, a Bassa shi Halilu ne kawai, mai raba kaya, amma a gaban kwamfutar nan akwai mutane daga Garwa har Faransa da ke ce masa kwamanda da gaske, ba irin tsokanarmu ba.

Lahadi da safe ya zauna ya jera jirage uku a allo, ya zuba musu ido: ƙaton, da ɗan ƙaramin, da wani matsakaici mai inji biyu wanda bai taɓa ko kallonsa ba, don a ganinsa ba shi da kwarjini. Sai ga mahaifiyarsa, Inna Hawa'u, tsohuwar 'yar goro, ta leƙo da tsintsiya a hannu.

"Kai, yau ba za ka fita in share ɗakin nan ba?"

"Inna, Jidda za ni."

Ta jingine tsintsiya. "Jidda ta Makka? To matsa mini." Ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna, ta kai fuska kusa da allo. "Waɗannan duk naka ne?"

"Na kamfani ne. Ɗaya zan ɗauka, kuma in na kuskure sun kore ni."

Tambaya kuwa ta ɓarke kamar ruwan Duwala. Me ya sa wannan ke da fanka a hanci? Ina direba ke zama? A ina suke ajiye man? Ya nuna mata fikafikai, ya ce a ciki yake. Ta riƙe haɓa.

"Wato da guzurinsa yake tashi? Babu tsayawa a saya a hanya?"

"Babu, Inna."

"Shi ne ka tafi Masar da wannan ɗan tsakon? Halilu, ko ni da nake kai goro arewa, kafin in ɗaure kaya sai na tambayi kwana nawa za a yi, sannan in san ganyen da zan sa da ruwan da zan yayyafa. Wannan cikinsa zai kai shi ina?"

"Tsakiyar Chadi, da ƙyar."

"Ƙaton fa?"

"Har Sin."

"Sin za mu? Kana da dangi a can?" Ta sa yatsa a kan matsakaicin, har ta bar tabon manja a allo. "Wannan mai kunyar fa?"

Halilu ya buɗe bayanansa, ya gwada da nisan Jidda. Zai kai, har da ragowar da zai yi shawagi in fili ya cika. Kujerun ma sun ɗauke fasinjan ba tare da jirgi ya tafi fayau ba. Ya daɗe yana kallon ƙaton kamar mai sallama da aboki, sannan ya danna matsakaicin.

Inna ta ce bismillah da ƙarfi, suka tashi. Ba ta motsa ba sai don salla. Da azahar ta yi ta ce ya faka su yi, ya ce jirgi ba ya fakawa, amma yana iya tuƙa kansa. Ta yi sallarta tana sallamewa ta waiga ta ga ko ya karkace. Suka ci shinkafa a saman Chadi, ya nuna mata daidai inda ya faɗi, ta ce Allah ya kyauta. Duk bayan ɗan lokaci sai ta ce, "Duba mini guzurin." Ya duba, allura na sauka a hankali, kamar mai jin nauyinta.

Bayan la'asar teku ta bayyana, sai ga Jidda a bakinta. Gumi ya jiƙa rigar Halilu har ana iya matse bokiti. Tayoyi suka taɓa ƙasa, jirgi ya ɗan yi tsalle ɗaya, ya natsu. Inna ta rangaɗa guɗar da ta tayar da kajin maƙwabta.

Waya ta yi ƙara. Hamman ne.

"Bien, madalla, Kwamanda. Sunanka na nan. Wa ya zaɓa maka jirgi?"

"Ni da wata fasinja."

"To ka riƙe ta. Mako mai zuwa Yawunde."

Ya kai Yawunde da ɗan ƙaramin mai farfela, sawu biyu, yana yi yana tsaki. Har yau in ka shiga ɗakinsa hoton ƙaton ne manne a bango, kuma tabon manjan nan yana kan allo, ya hana kowa gogewa.