Wayar Oba-oba a Bayan Babur

Shekarar da aka ba mu wayar oba-oba ina malamin dabbobi ne a Kalgo, aikina zagaya rugage a kan babur ina duba shanu. Lokacin saura 'yan shekaru a samu 'yancin kai. Akwatuna biyu aka kawo, ragowar kayan soja, fentinsu duk ya kankare. Aka ce za a ajiye ɗaya a siton magani a Gwandu, ɗaya a ɗaura a baburina, don in na tarar da ciwo a daji in faɗa nan take, ba sai na yi tafiyar wuni guda ba.

Wanda ya ɗaura mini wani tsohon soja ne da ya koma makanikanci, mutum mai faɗa, ba ya maimaita magana. Kwana biyu muka yi a kai. Ya sa kafinta ya haɗa akwatin katako daidai kariyar babur, ya shimfiɗa buzu a ciki, domin a cikin wayar akwai wasu 'yan kwalabe kamar ƙwan fitila waɗanda rami ɗaya ya isa ya fasa. Ya yanka tsohon tif na taya ya ɗaure akwatin tamau. Batir ya rataye shi a gefe ɗaya, jakar kayan aikina a ɗaya gefen, kada babur ya rinjaya. Eriya kuwa doguwar waya ce a nannaɗe, da dutse ɗaure a bakinta. In za ka kira sai ka jefa ta kan itace, ka kafa turken ƙarfe a ƙasa, ka tsiyaya masa ruwan buta.

Da ya gama ya nuna mini wata 'yar allura da ke gwada ƙarfin batir, ya ce, "Ka danna nan, ka yi magana, ka ce oba, ka saki. Saurare ba shi cin batir sosai, magana ita ka cinye shi. Kuma ba a cika shi sai Gwandu. Saƙo hwarko, gaisuwa in ka komo gida." Na ce na ji.

Abin da bai lissafa ba shi ne wanda ke riƙe da siton Gwandu surukina ne, mahaifin matata. Dattijo ne mai tsantseni, bai taɓa shiga zance da kowa ba sai gaisuwa ta kai ƙarshenta. Ni kuwa ban taɓa yi masa magana a tsaye ba. Ko a waya sai na tuɓe takalmi na tsuguna gefen babur, alhali yana can wani gari ba ya ganina. Manoma su kan tsaya suna yi mini dariya, ban damu ba. Wata uku muka yi a haka, gaisuwa tana cin rabin batir, kuma ba abin da ya faru.

Ƙarshen damina, ina da kwana huɗu a daji, na isa wata ruga a fadama bayan Kalgo. Mai rugar Bafillace ne magidanci, ya kai ni wurin shanu uku da ya ware. Idonsu na zubar da ruwa, bakinsu duk miki, ga zawo. Ban buƙaci littafi ba, bushiya ce, annobar nan mai share garke. Waɗanda suka kamu ba abin da zan yi musu, amma sauran garken za su tsira in aka yi musu allurar rigakafi da wuri. Allurar tana Gwandu. Ranar kuma ita ce ranar da lorin da ke kawo kaya Kalgo ke tasowa daga can bayan azahar, in ta wuce sai wani mako.

Na jefa eriya kan wata tsamiya, na kafa turke, na zuba ruwa. Na duba 'yar allurar batir, ta kusa kwanciya. Na san abin da hakan ke nufi, ba zan yi ƙarya in ce ban sani ba. Na tuɓe takalmi, na tsuguna, na yi sallama.

Muryar surukina ta fito tana shashshaka. "Wa alaikumus salamu. Malam, an wuni lahiya? Oba."

Nan ne ya kamata in faɗi saƙo. Bakina ya ƙi. Na ce, "Lahiya lau, Baba. An wuni lahiya? Ina gajiya? Oba."

"Babu gajiya. Ƙaƙa aiki? Ƙaƙa ruwa wajenku? Oba."

Na amsa, na tambayi mutanen gida, ya amsa, ya tambayi nawa. Ina kallon allura tana sauka, zufa na bin bayana. Mai shanu yana tsaye da sandarsa a wuya, ya sunkuyo ya ce mini a hankali, "Malam, ka gaishe min da dattijo." Na danna, na isar da gaisuwarsa. Sai a karo na huɗu na ce, "Baba, shanu na nan..." Wayar ta yi ɗif. Na danna, na sake dannawa, ko shashshakar babu.

Na hau babur, amma ruwa ya cinye hanya, sai da na yi zagaye, ga nauyin akwati yana jan ni cikin taɓo. Na isa Gwandu washegari da hantsi, lori ta daɗe da tafiya. Na karɓi allurar rigakafin na juyo, babur ya mutu a hanya, na tura shi har wani ƙauye. Kwana biyar na yi kafin in koma rugar.

Da na gaya wa surukina abin da ya faru a sito, ya daɗe yana kallon akwatinsa. Daga ranar in na kira shi sai ya ce, "Hwaɗi, ina ji. Oba." Na san abin yana yi masa nauyi, ni ma yana yi mini.

Ranar da na koma rugar, tun daga nesa na hango ungulaye. Shanun da suka rage ba su fi a ɗaure su a igiya ɗaya ba. Na kashe babur na tsaya, na rasa da wane ido zan dubi mutumin. Ya taso ya tarye ni, ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo ruwa. Ya tambayi gajiyata, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen gidana ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake komai ba. Sannan ya ce, "Ƙaƙa dattijon nan na cikin waya? Ya samu gaisuwata?"

Na ce ya samu.