Ranar da Iya Dije ta Shiga Majigi

A gidanmu na Toranke, lokacin sanyi, da an idar da sallar isha'i sai mu kewaye murhun kakarmu Iya Dije tana gasa mana rogo. Tatsuniyoyinta sun fi furfurarta yawa, amma guda ɗaya muke naci a kai, wadda ta rantse da gaske aka yi: labarin ƙanenta Tanko.

Tun yana yaro Tanko ba ya shiga wasa, sai dai ya tsara shi. Shi ke gaya wa 'yan tashe a Gaya wane ya tsaya nan, wane ya faɗi can. Masu majigi suka tafi da shi Kaduna yana ɗaukar musu kaya, a hankali har ya zama mai shirya wasanninsu na ban dariya. Iya ta ce shi kansa ko ranar aurensa ba a ga haƙorinsa ba.

Wata shekara, zamanin sule da sisi, ya zo Toranke da na'urar ɗaukar hoto da mai riƙe ta. Abu kaɗan yake so: wani marowaci ya faɗo daga kan jaki. Ya tara mutane ya ce faɗuwar ta wasa ce, kowa ya tsaya inda yake.

Mutumin ya faɗo. Kafin ya taɓa ƙasa rabin gari na kansa, ana ta "Sannu, bawan Allah." Aka sake, aka sake ɗaga shi. Har sau uku. Fim ɗin da ya rage na ɗauka ɗaya ne, in kuwa Tanko ya koma hannu rabbana, aikinsa ya ƙare. Sai ya sa aka ja igiya, mai unguwa ya tsare jama'a.

"Ke kuma me kika yi?" mukan tambaya, ko da yake mun sani.

"Na riƙe kaina, maigidana, har da cije leɓe. Amma mutum ya faɗi a ƙofar gidan ubana in tsaya kallo? Me maƙwabtanmu na Kademi za su ce da mu?"

Ta bi ta ƙarƙashin igiya da butar ruwa, ta ɗaga shi, ta karkaɗe masa riga, sannan ta juya ta wanke jakin da faɗa. Tanko ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Mai na'ura dai bai daina ɗauka ba.

Da aka nuna majigin a Gaya, faɗuwar ba ta motsa kowa ba. Iya na fitowa tana nuna wa jaki yatsa, aka yi dariyar da ta tashi kajin Ajingi daga barci. Tanko ya tsira da aikinsa, kuma bai ƙara ja wa kowa igiya ba.

Na daɗe ina ɗauka labarin sa'ar Tanko ne. Sai bara, da keke ya kayar da ni a wani babban titin birni, motoci suna ta ratse ni. Ban ji ciwo ba. Amma na jima a kwance, ina jiran tsohuwa da buta.