Ranar da Ɗan Dirce Ya Hau Dandamali

Jan labule ne aikina a gidan waƙa na garinmu, Parma, har na tsufa a kai. Ban ga wanda mawaƙa ke tsoro kamar Dirce mai sayar da cuku ba. Tun tana budurwa take zama can saman bene, kujerun talakawa. Mutanen saman nan su ke yanke hukunci: mawaƙin da suka yi wa fito, sai ya tattara kayansa ya bar gari. Kuma Dirce ce ke fara sa yatsu a baki.

Masu ƙaraji ba sa burge ta. "Ihu ko jaki ya iya," in ji ta. "Murya ta fito daga ƙirji, in ji kowace kalma."

Sai ga ɗanta Ennio, wanda ya bar gidan burodi ya koyi waƙa, an ce shi zai ja wasan ranar Lahadi, domin babban mawaƙin ya kwanta mura.

Na same ta a rumfa. "Dirce, gobe ki yi zamanki a gida."

"Kai Amilcare, ja labulenka. Ina ruwanka?"

"In ya kuskure fa?"

"Ni zan fara fito. Na yi wa 'ya'yan wasu, nawa ɗan gwal ne?"

Ranar Lahadi Ennio ya tsaya gefena. "Kawu, ta zo?"

"Ta zo. Har ta cire safar hannu."

Ya fita, ya fara lafiya. Da ya kai inda ake ɗaga murya ƙololuwa, sai ta fashe. Kowa ya ji. Mutanen sama duk suka juya suna kallon uwar. Na damƙe igiya, ina jiran fito in rufe labule.

Dirce ta miƙe tsaye. "Sake, ɗan nema! Ka fi haka a wurin wanka!"

Bene ya kwashe da dariya, aka ɗauka: "Sake! Sake!" Shugaban makaɗa ya ɗaga sandarsa. Ennio ya ja numfashi ya sake, muryar ta hau ta zauna daram, ya riƙe ta har na gaji da jira. Tafi ya ɓarke. Sai lokacin na ga igiya ta yanke ni a tafin hannu.

Washegari aka ce Ennio zai ci gaba da jan wasan. Na bi ta kasuwa na gaya mata.

"To," ta ce, tana yanka cuku. "Matsa, ka tare min masu saye."