Man Birki da Fitilun Motata

Jama'a, yau Bello taubashina ya faɗo hannuna.

Fitilun motata ne suka yi rawaya, ya ce in shafa musu man birki, wai shi ma haka yake yi wa tashi. Na shafa. Ranar suka yi ƙyalli, washegari suka dushe kamar an watsa musu koko. Saura kaɗan in banke amalanken albasa a hanyar Argungu bayan magariba.

Ɗazu na shiga wurin wankin mota a Nasarawa, sai ga motarshi, shi kuma yana kan benci yana cin gyaɗa.

Na ɗauko ragowar man, na miƙa wa mai wanki. Na ce, "Shafa wa fitilun wagga mota, mai ita ya saba."

Bello ya zabura har takalmi ya fita. "Kai, kar ka taɓa! Cin roba yakai!"

Na ce, "Ashe ka sani."

Ya ce wai wasan taubasai ne.

Na zare makullinshi na sa aljihu. Yanzu haka yana durƙushe gaban motata da samfefa da ruwa, yana gurza. Ni ina kan benci, ina ƙarasa gyaɗarshi.