Ranar da Muka Zagaye Riyad da Tukunyar Suna

Ko na manta komai na zamana a Riyad, ban da Juma'ar da abokin ɗakina ya ce zai kai mu suna.

A unguwar Ulaisha muke zaune lokacin. Abokin nawa direba ne, ya girme ni. Tun da ya kalli wani shiri a talabijin kan Baturen nan na Fotugal da ya fara tashi da jiragen ruwa don zagaye duniya, bakinsa bai huta ba. Kullum labarin ke nan: yadda suka nufi yamma, yadda abinci ya ƙare har suka ci ɓera, yadda yaransa suka yi bore ya murƙushe su. Mutumin da bai taɓa ƙetare ruwan da ya wuce na gadar Wudil ba! Muka sa masa Kyaftin don tsokana, shi kuwa ya dinga amsawa.

Wani ɗan garinmu ne aka yi wa haihuwa a unguwar Naseem, aka ɗora mana tukunyar shinkafar baƙi. Muna shiga mota na ce, "Yaya, in buɗe taswira a waya?"

Ya harare ni. "Shi Baturen waya ya riƙe? Rana ake dubawa. Yalla, mu tafi!"

Muka hau babban titin da ya kewaye gari. Na ce masa yamma muka nufa, Naseem kuwa tana gabas.

"Duniya zagayayya ce, ƙanena," in ji shi.

Uban jariri ya yi ta kira har ya gaji. Da na matsa, Kyaftin ya ce bore nake yi, in ba na so in sauka. Can yunwa ta kama shi, ya ce in miƙo masa cinyar kaza daga tukunyar.

La'asar sakaliya sai ga shagon da muke sayen burodi. Ulaisha! Ya kashe mota, ko kunya babu, ya ce, "Ka gani? Mun dawo inda muka tashi."

Baƙi sun watse da shayi da dabino. Uban jariri bai sake amsa gaisuwarmu ba har aka yaye yaron.

Daga baya na ji ashe Baturen ma bai koma gida ba. A wani tsibiri aka kashe shi, ragowar yaransa suka ƙarasa tafiyar. Wannan ɓangaren Kyaftin bai taɓa ba mu ba.

Tun ranar na ɗauki darasi: wanda ya haddace labarin jarumi, ka saurare shi da kyau, amma kada ka ba shi sitiyari.