Takin da Baba ya mayar

A shekarar da buhun takin zamani ya fi ƙarfin kowa a ƙauyenmu, wani ɗan garinmu ya ajiye aikin binciken masu cin hanci ya fito takarar majalisar tarayya. Mun san shi da ƙin karɓar komai. In ya zo ta'aziyya da gorar ruwansa yake zuwa. Ya taɓa mayar wa Inna ƙwaryar fura, ya ce aikinsa ne ya hana. Ta daɗe ba ta huce ba.

Ina hutun makaranta, gab da faɗuwar damina, muka je gonarmu ta bakin titin Tsanyawa muka tarar an jibge takin shanu tsibi-tsibi, ga sawun tifa a ƙasa. Gonar maƙwabcinmu ma haka. Tsakanin gonakin biyu akwai ɗan filin da ɗan takarar ya gada, inda aka ce zai gina gida.

Baba ya tsuguna ya murza takin a tafinsa. Mai kyau ne, ya ruɓe sosai.

A wurinmu, wanda ya zuba taki a gona ba a raba shi da ita sai ya ci takinsa. Ko aro ka ba mutum, in ya kai mata mangala, sai ka haƙura damina biyu ko uku. Ɗan takarar ma a nan aka haife shi, ya sani.

Da la'asar wakilinsa ya zo zaure, ya ce sadaka ce, ko ƙuri'a ba a nema. Baba ya tambayi abin da ya hana a kai gonakin bayan gari, inda ƙasa ta fi mutuwa. Ya ce tifa ba ta shiga can.

"Malam, mutumin da ya ɗaure manyan ɓarayi ne zai ci maka gona?"

"Ban ce ba," in ji Baba. "Amma shi ya koya mana tsoron kyauta. Furarmu ma bai sha ba."

Inna ta ce rumbu ya kusa ƙarewa, kuma ba a tuƙa tuwo da zato. Ni ma na so a bar takin, don da sunan ɗan takarar nake alfahari a makaranta.

Baba ya aro jakuna. Muka kwashe takin muka juye a filin mai shi, har ƙasan wurin ya sa muka kankare da fartanya. Geronmu ya fito siriri, tun kafin bazara muka koma awo a kasuwa. Na maƙwabcinmu ya fi mutum tsayi.

Mutumin ya ci zaɓe ya tafi Abuja. Daga baya aka kafa turaku a gonar maƙwabcin. Ya ce da yardarsa ya sayar, amma ba ya son zancen. Katangar gidan ɗan majalisar ta tsaya daidai ciyawar gambar da ke iyakarmu. Duk sanda muka je gona, Baba sai ya bi gambar yana dubawa kafin ya ɗauki fartanya.